Inda Na Ce A Rubuta Sunan Auta

Wanzamin ƙarshe na garinmu ya rasu bara da damina, kuma ba wanda ya ɗauki zabirarsa. Ɗansa yana da shago a bakin tasha, da babban madubi da injin aski mai aiki da hasken rana, amma ko aska bai iya wasawa ba. Da na je gaisuwa sai na hangi zabirar rataye a ƙusa bayan ƙofa, fatar ta bushe ta tsattsage, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta. Na san ta sarai, don ta uban marigayin ce, Baba Wanzami, wanda ya yi mana jarfa muna ƴanmata. Na tsaya ina kallonta har matar gidan ta taɓa ni ta ce in zauna. Tun ranar nake ta juya wani abu a raina wanda na daɗe ban faɗa wa kowa ba, shi ya sa na ce bari in faɗe shi tun bakina yana da sauran ƙarfi.

Yaran yanzu ma suna zane a jiki, kada a ce ba sa yi. Jikokina mata, in biki ya zo, sai su tafi wajen mai lalle su dawo hannu da ƙafa baƙi ƙirin da furanni, wata har wuya. Sati biyu ya goge, su sake wani. Ba wadda take tsayawa ta yi tunanin inda za a sa mata, kuma ban ga laifinsu ba, abin da sabulu zai tafi da shi ina ruwansa da dogon tunani? Mu kuwa jarfa muka sani, da aska da baƙin tukunya, inda aka sa miki ita nan za ta zauna har ranar da za a kai ki makwanci. Saboda haka yarinya takan yi wata uku tana shawarar wuri kafin ma ta fara shawarar irin zanen. Tawa ta kumatu ga ta nan, ta shige cikin yamushewar fata, sai wanda ya san tana nan yake ganinta.

Lokacin jarfa bayan kaka ne, in an gama ɗaure dammunan gero an kai rumbu, hannu ya huta, jiki ya ɗan yi maiƙo. Garin nan na wancan lokaci yana cikin kunnena har yau. Tun da sassafe taɓarya take fara magana, gida ya amsa wa gida, ƴanmata suna lugude suna tafi tsakanin bugu da bugu. Sai ƙarar igiyar guga tana goga icen bakin rijiya, icen da ya yi kwari-kwari don tsufa, sai jakin maƙwabta da ba ya fashin kuka, sai matan ruga suna shigowa da ƙwarya a ka suna kiran a sayi nono. Yanzu injin niƙa ya haɗiye wannan duka, ƙararsa ɗaya ce tun safe har azahar, in ya yi shiru kabu-kabu ya karɓa. Washegarin kasuwar Gazawa Baba Wanzami yake shimfiɗa buzunsa a gindin gawon da ke bayan gari, ya jera asake, ya kankaro baƙin tukunya a ɗan kasko ya kwaɓa da man gyaɗa. Mu zo mu tsugunna a layi, kowace tana cika baki ita ba ta kuka.

Gwaggo, ƙanwar babanmu wadda ta riƙe gidanmu bayan rasuwar innarmu, ita ta koya mini maganar wuri. Tana tsefe mini kai take faɗa, tana finciko gashin don in ji da kyau. "Fuska ta mutanen gari ce, su kalla su gaji. Hannu na aiki ne, rana da toka su cinye zanen. Abin da kike ji da shi, ki sa shi inda tufa take rufewa." Na bi maganarta. Na sa aka yi mini ƴar ƙarama a kumatu don mutane, kyakkyawar kuwa, mai kamar tsani hawa bakwai, aka yi mini ita a ƙasan wuya inda ɗaurin ƙirji yake ɓoyewa. Ƴanmatan Fulani, su da suke sa tasu a goshi da gefen baki kowa ya gani, dariya suka yi ta yi mini. Wata ta ce da Hausarta mai daɗin nan, "Ku Haɓe kun sha zafi a banza, kun ɓoye." Na ce mata ita ba ta san daraja ba. Ni dama tun ina ƙarama mai baki ce, ba a ja da ni a ci riba, kuma na ɗauki maganar Gwaggo kamar karatu, ban taɓa tambayar kaina ko akwai inda ba ta aiki ba.

Ƙanena shi ne Auta. Yana da sunansa na yanka, amma ba da shi muke kiransa ba. Shekara tara na ba shi. Innarmu ta rasu ana gab da yaye shi, sai ya zama ni ce goyonsa, ni ce wankansa, ni nake tauna masa ƙuli-ƙuli in sa masa a baki. Da shi a bayana na koyi daka, har in taɓarya ta tsaya sai ya farka ya yi kuka. Ko da aka yi mini aure a cikin gari, rabin kwanakinsa a gidana yake yi, ya ci ƙanzon tukunyata ya wuce lakol, wato makarantar boko. Yaro ne mai sanyin hali, mai kunya, ba ya musu. In na ce zauna ya zauna, in na ce wannan abokin ban yarda da shi ba ya rabu da shi. Ina jin daɗin haka ƙwarai, ina yi wa mata alfahari da shi a bakin rijiya. Ya yi ƙoƙari a karatu har aka tura shi babbar lakol a Agiye, shi kaɗai daga unguwarmu.

Ana nan sai zamani ya juya. Aka ce soja za su sauka, mulki zai koma hannun jama'a. Maza suka bar hirar shanu da farashin gero, suka koma kewaye da rediyo a gindin icen bedi suna sauraron babban taron da ake yi a Yamai, wai har manya ake tsayarwa ana yi musu tambayoyi kamar yara. In batir ya mutu a shanya shi a rana a sake sawa. Bayan nan jam'iyyu suka ɓarke, motoci masu lasifika suka riƙa shigowa suna korar mana kaji, aka raba tutoci da atamfa, wa da ƙane suka daina gaisawa don kalar hula. Mu mata aka koya mana yadda ake ninke takarda a jefa a akwati, muka yi ta dariya. Abin ya yi daɗin kallo, amma bai sa komai a tukunya ba. Malaman lakol suka daɗe ba a biya su ba, suka shiga yajin aiki, shekara guda ta tafi a banza. Auta ya dawo daga Agiye da akwatinsa a ka, ya zauna jiran a buɗe, ba a buɗe ba. Daminar kuma ta yi gardama, geron da muka samu bai cika rabin rumbu ba. Samarin gari suka fara ɗaure kaya za su ci rani a kudu, ƙetaren iyaka, inda kakanninmu suka fito, kuma Auta ya ce zai bi su.

A shekarun nan wata sabuwar al'ada ta shigo wa masu tafiya ci-rani. Wani magidanci daga ƙauyen da ke gabas da mu ya faɗi a wata kasuwa can kudu ya cika, baƙin ido suka yi masa sutura suka binne, ba wanda ya san ko shi wane ne. Sai bayan shekara biyu danginsa suka ji, matarsa tana zaune duk tsawon lokacin nan, ita ba mai miji ba ita ba mai takaba ba. Abin ya tsorata mutane. Sai samari suka fara zuwa wajen wanzamai ana rubuta musu sunansu da na ubansu da na garinsu a hannu, da baƙin tukunyar nan dai da ake yi mana jarfa, don in wani abu ya same su a san inda za a kai labari.

Wata safiya ina tankaɗe Auta ya zo ya tsugunna a bakin ƙofar ɗakina.

"Yaya, jibi zan je wajen Baba Wanzami."

"Aski? Kan naka ai ba gashi."

"Rubutu za a yi mini. Sunana da na Baba da na gari. A nan." Ya shafa cikin hannunsa na dama, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu.

Na ajiye rariya. Na ce masa ba ga takardar zaɓe an ba shi ba, da sunansa da komai? Ya ce takarda tana jiƙewa, tana ɓata, ana ƙwacewa. Wannan na yarda da shi. Wurin ne ban yarda da shi ba. A lokacin ana ta raɗe-raɗi cewa a can masu tsaron hanya sun gano al'adar, suna juya hannun samari kamar mai duba haƙoran akuya, wanda aka ga sunan garin Nijar a jikinsa a sauke shi daga mota a wahalar da shi. Har yau ban san ko gaskiya ne ba, a bakin rijiya na ji. Na faɗa masa wannan, na ƙara da cewa ɗan innata ba zai yi yawo da tambari a hannu ba sai ka ce buhun gyaɗar kamfani. In dole sai an rubuta, a sa masa a cikin damtse, can sama kusa da hammata, inda hannu yake kwanciya a kan haƙarƙari.

"Yaya, ai don a gani ake yinsa," in ji shi a hankali.

"Wa kake so ya gani? In kana da rai, bakinka ya fi kowane rubutu, kai za ka faɗi ko kai ɗan wane ne. In kuma Allah ya yi ikonsa, mai wanka ba ya tsallake hammata, dole ya ɗaga hannunka. To gaya mini amfanin ka riƙa yawo da shi a fili."

Ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Babanmu da aka kai masa maganar bai ja da ita ba, mijina kuwa cewa ya yi, "Wallahi yayarka tana da kai." Gwaggo ta gyaɗa kai don ta ji karatunta ne ya fito daga bakina. Na ji daɗin kaina ranar nan ba kaɗan ba. Amma akwai dalilin da ban faɗa wa kowa ba, kuma shi ne babba. Ba na son in gani. Ba na son duk lokacin da ya miƙa hannu cikin akushina in ga baƙin rubutun nan yana tuna mini cewa an yi shi ne don ranar mutuwarsa. Tsoro ne ya kama ni, na naɗe shi a cikin wayo.

Ranar na bi shi har gindin gawo, ko da yake ba a saba mace ta je inda ake yi wa samari ba. Hantsi ya ɗaga, Baba Wanzami ya riga ya gama wa mutum uku, suna zaune gefe kowa ya tallafe hannunsa yana hura shi. Auta ya miƙa masa takardar da ya rubuta da haruffan boko manya-manya, don tsohon bai iya boko ba, kwaikwayon siffar kawai yake yi. Wanzamin ya kamo hannun Auta ya juya cikinsa sama, sai na ce, "Baba, ba nan ba." Na nuna masa inda nake so.

Ya ɗago ya dube ni. "Ɗiyata, wannan ba jarfar ƴanmata ba ce."

"Na sani, Baba. Mun yi shawara a gida."

"Wurin nan yana da taushi, zai sha wuya. Kuma ban taɓa yi wa kowa a nan ba." Ya juya wajen Auta. "Kai, jikinka ne. Ina za a sa?"

Auta bai dubi wanzamin ba, ni ya duba. Sannan ya tuɓe rigarsa, ya kwanta a kan buzu, ya ɗaga hannunsa na hagu sama da kansa. Ni na riƙe masa gwiwar hannun don kada ya motsa. Baba Wanzami ya fara zana haruffan da tsinke da tawada, yana duba takarda yana duba fata, sannan ya ɗauki ƙaramar aska ya bi su da tsaga ƙanana-ƙanana, jini yana tsattsafowa yana gogewa da auduga. Auta bai yi ko tari ba, amma gumi yana gangara masa ta bayan kunne. Da aka gama aka cusa baƙin tukunya aka murza, a nan ne ya ce "Wash" sau ɗaya. Kwana bakwai ya yi yana yawo da hannu a buɗe kamar kazar da zafi ya dama, abokansa suna yi masa tsiya wai an yi masa jarfar amare. Ni nake barbaɗa masa garin bagaruwa safe da yamma har ya warke. Rubutun ya fito tsaf, layi uku, in ya sauke hannunsa kuwa ko alama ba ka gani.

Ya tsaya har aka yi zaɓe, ya jefa ƙuri'arsa ta farko yana ta nuna mana yatsansa mai tawada, sannan suka tafi. Shekarar farko lafiya lau. Ya aiko da saƙo sau biyu, da damina ta kawo kai ya dawo da turmin atamfa nawa da bargo na Baba, ya yi noma, ya yi ƙiba. Na ce masa, "Ka gani? An sauke ka a hanya?" Ya ce a'a. Ban tambaye shi ko an sauke masu rubutu a hannun ba, don ba na son in ji amsar. Da kaka ta wuce ya sake ɗaure kaya. Na raka shi har bakin hanya da ƙullin ƙanzo da ƙuli-ƙuli, ya hau bayan a-kori-kura, ya ɗago mini hannu. Damina ta zo abokansa suka dawo, shi bai dawo ba. Suka ce tun tsakiyar rani ya rabu da su, ya sami aikin lodin albasa ya bi wata babbar mota, ya ce su haɗu a gida.

Muka jira damina ta wuce, muka jira wata. Mijina ya ƙetara sau biyu yana cigiya tasha-tasha, aka ba da sanarwa a rediyo, aka kai magana wajen jandarma suka rubuta a littafi. Aka yi saukar Alƙur'ani, aka yi sadakar waina. Shiru. A nan ne wayona ya sake yi mini aiki. Duk wanda ya zo yi mana jaje sai in ce masa, "Ku daina yi mana kallon masu makoki. Da ya mutu da mun ji, sunansa yana jikinsa. Tunda ba mu ji ba, yana da rai." Maganar ta zauna daidai, ba wanda ya iya tayar da ita. Da ita na riƙe Gwaggo, da ita na riƙe babanmu har ya kwanta ciwon ajalinsa, yana cewa in Auta ya zo a ba shi gonar fadama. Sai dai maganar tana da wutsiya. In yana da rai kuma bai zo ba, to bai ga dama ba ke nan. Mutane suka fara cewa ya sami duniya ya manta da mu, wasu suka ce an gan shi a Ikko da mata da ƴaƴa. Tun ina faɗa da masu faɗa har na fara yarda. Na yi fushi da shi, fushi na gaske. Ranar da aka binne babanmu ba ya nan, na faɗi maganganu a kansa a cikin ɗakina waɗanda ba zan maimaita ba. Na ce yaron da na goya, na tauna wa abinci, ko takarda ya kasa aiko mini. Shekaru na yi ban ambaci sunansa a addu'a ba.

Yanzu in na ga yaro zai yi tafiya da salula a aljihu, ya kira uwarsa daga tasha, ya kira daga iyaka, ya kira ya ce ya sauka, sai in ga kamar wata duniya ce. Uwar har ƙorafi take yi wai ya dame ta. Mu a lokacinmu in mutum ya sha kwanar hanya, to ya shiga hannun Allah da na baƙi. Ba na cewa zamanin da ya fi na yanzu, ni dai ban ga abin da ya fi ba a wannan wajen. Abin da kawai muke da shi da ba su da shi, mun san nauyin abin da ba ya goguwa. Kuma ko da saninmu muna kuskure.

Shekara goma sha ɗaya da tafiyarsa, wata ranar Laraba da hantsi, ina shanyar kuɓewa, aka yi sallama a ƙofar gida. Mai kabu-kabu ne ya kawo wani dattijo mai farin gemu, da ƴar jakar fata a rataye. Ya tambayi gidan babanmu da sunansa, aka ce ya rasu, aka kawo shi wajena. Mijina ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ni na tsugunna daga bakin ƙofa. Ya ce shi limamin masallacin tasha ne a wani gari can ƙetare, tafiyar rabin yini a mota. Ya ce abin da ya kawo shi amana ce, bai ga ya dace ya aiko ta a bakin direba ba.

"Hajiya, sai haƙuri," in ji shi, ko da yake ban je Makka ba. "Ɗan'uwanku ya rasu kwana tara da suka wuce. Zazzaɓi ne na kwana uku. Ni na yi masa wanka."

Ban yi kuka a lokacin ba. Na ce Allah ya jiƙansa, sannan bakin nan nawa na da ya motsa, na tambaya ko ya bar iyali, ko ya taɓa faɗa musu yana da dangi.

Dattijon ya dube ni, ya dubi mijina. "Ashe ba ku san komai ba. Ai bai taɓa magana ba."

Ya ba mu labarin a hankali. Shekarun baya wata motar albasa ta kife a gangaren da ke kusa da garinsu. Aka tsinci wani saurayi a cikin buhuna kansa a fashe, ba takarda a jikinsa, direban ya mutu, ba wanda ya san shi. Mai ɗorin garin ya yi jinyar kan har ya warke, amma magana ba ta dawo ba, kuma da alama bai san inda ya fito ba. In an tambaye shi sunansa sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Aka yi cigiya iyakar iyawa, aka gaji. Wata mai tuwo a tasha ta riƙe shi, yana ɗebo mata ruwa yana wanke kwanuka, yana kwana a zauren masallaci. Suna kiransa Mai Shiru. Ba ya faɗa da kowa, ba ya fashin jam'i, abin da aka ce ya yi shi yake yi. Mutum ne mai kunya, ba ya tuɓe riga a gaban mutane, wankansa ma sai ya kewaya. Ranar da ya cika, limamin ya ɗaga hannunsa na hagu zai zuba ruwa, sai ya ga layi uku baƙi. Ya sa aka kira wani yaron makaranta ya karanta masa.

"Na daɗe ina wankan gawa ban ga irin wannan ba," in ji shi. "Duk wanda ya yi tunanin rubuta masa sunan nan, Allah ya yi masa albarka. Ba don shi ba da har abada ba ku ji ba." Ya kurɓi ruwan da aka kawo masa, ya girgiza kai. "Abin da ya fi ba ni mamaki, kusa ne fa. Motocin Gazawa duk sati suna tsayawa a tasharmu, direbobinku a wajen matar nan suke cin tuwo. Shi yake miƙa musu ruwan wanke hannu."

Na tambaye shi, "Da wane hannu?" Ban san lokacin da maganar ta fita ba.

Ya dube ni kamar yana mamakin tambayar. "Da na dama mana. Yakan naɗe hannun rigarsa har gwiwa don kada ya jiƙe."

Mijina bai dube ni ba, kuma na gode masa da hakan har ya bar duniya. Na tashi na shiga ciki na dama wa baƙo fura, don ya yi tafiya mai nisa. Na daɗe ina damawa. Na yi lissafin mai rai da bakinsa, na yi lissafin matacce da mai wankansa, ban taɓa kawo wa raina cewa mutum zai iya zama a tsakani ba, yana numfashi yana ɗibar ruwa, shekara goma sha ɗaya, sunan ubansa yana manne da haƙarƙarinsa inda na ce a ɓoye shi. Kuma duk tsawon lokacin nan fushi nake yi da shi.

Na kawo furar na ajiye a gabansa, na koma na tsugunna. Na ce, "Malam, ni ce. Ni na zaɓi wurin da aka rubuta."

Bai gane abin da nake faɗa masa ba. Fuskarsa ta washe, ya ɗaga hannuwansa biyu ya sake sa mini albarka, ya ce Allah ya ba kowane ɗa ƴar'uwa mai hangen nesa irina. Na shafa, na ce amin, don ba a mayar wa baƙo da addu'arsa.